Allurar da Aka Yi wa Iliya a Gwiwa

Sunana Rifkatu. Ina koyarwa a wata firamare a Ikara, amma asalinmu mutanen Nasarawan Doya ne a ƙasar Maƙarfi. Na jira sai da ƙanena Iliya ya fara taka ƙafarsa ba sanda kafin na zauna rubuta wannan, don kada fushi ya sa ni faɗin abin da ba shi ke nan ba. Fushin dai bai tafi ba, amma yanzu ina iya riƙe shi. Ba don a tausaya mana na rubuta ba. Na rubuta ne saboda iyayen da wata rana za a zo a ce musu ɗansu yana da baiwa, a ba da shi a kai shi birni.

Iliya ne autanmu. Yana ƙarami babanmu ya rasu, ni da Inna muka raine shi. Tun yana sakandare ya kere kowa tsawo a garinmu, sai ya sunkuya kafin ya shiga ɗakin Inna. Wani malamin motsa jiki a makarantarsu ne ya fara miƙa masa ƙwallon kwando. Daga Maƙarfi ya je Zariya, daga Zariya ya je Kaduna, har wani babban kulob ya ɗauke shi yana biyansa albashi. Ba zan faɗi sunan kulob ɗin ba. Sun san kansu.

A kakar wasan da nake magana, kulob ɗin ya samu shiga gasar da manyan kulob-kulob na ƙasashen Afirka suke karawa. Yadda Iliya ya yi mini bayani, ana buga zagayen farko a wata ƙasa, sai a yi hutun wasu makonni, waɗanda suka tsallake su haɗu a wata ƙasar a yi zagayen ƙarshe. Wannan ne karo na farko da wani daga gidanmu ya hau jirgin sama.

Na je wurin mai gidan kallo a unguwarmu na roƙe shi ya sa mana wasan. Ya ce, “Malama, wa zai zo ya kalli ƙarti suna jefa ƙwallo da hannu?” Da na ce masa ɗan ƙasar nan ne a ciki, sai ya juya tasha. Inna ta hau babur tun daga Nasarawan Doya, aka ajiye mata kujera a bakin ƙofa saboda ba ta shiga cikin maza. Babu wanda ya san dokar wasan, amma duk sanda Iliya ya taɓa ƙwallo sai ɗakin ya ɗauki ihu.

A wasa na biyu ya yi tsalle ya sauko a kan ƙafar wani. Na ga yadda gwiwarsa ta dama ta karkace, na ga ya daki ƙasa da tafin hannu. Aka fitar da shi. Inna ta miƙe tsaye tana tambaya, “Ina suka kai shi?” Da yamma na same shi a waya, ya ce, “Yaya, targaɗe ne kawai. An yi mini allura, har na daina jin zafi.”

Kashegari ya buga. Ya buga duk sauran wasannin zagayen, kulob ɗin ya tsallake, muka yi ta murna. Ba mu san cewa kafin kowane wasa sai an soka masa allura a cikin gwiwar ba. Ba mu san ba likita ne yake yi ba, mai yi wa ’yan wasa tausa ne, a ɗakin canza kaya. Ba mu san ba a taɓa yi wa gwiwar hoto ba.

Da suka dawo Najeriya, manajan kulob ɗin ya ce masa ya je gida ya huta, za a kira shi idan an fara shirin zagayen ƙarshe. A tashar Maƙarfi na tarye shi. Sai da mutum biyu suka kama shi ya fito daga mota. Wandon da ke jikinsa ya matse gwiwar kamar an cusa ƙwarya a ciki, jikinsa kuma zafi rau.

Makon farko a gida ya tafi a kan zazzaɓi. Mai kemis ya ce maleriya ce da taifot, ya haɗa masa magunguna. Inna tana gasa gwiwar da ruwan zafi safe da yamma. Matan zumunta na cocinmu suka zo suka yi addu’a. Maƙwabcinmu Malam Sale, wanda gonarsa ke jikin tamu tun zamanin babanmu, kullum sai ya leƙo bayan ya dawo daga masallaci ya tambayi jiki. Ni kuma ina zirga-zirga tsakanin makaranta da gida. Duk wanda ya shigo da nasa maganin: wannan ya ce a shafa man shanu, wancan ya ce a daka ganye a ɗaura.

Sai ƙanen Inna, Kawu Tanko, ya zo daga Gazara. Ya dubi ƙafar ya girgiza kai. “Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Yaro ya fito a talabijin duniya ta gan shi, kuna tsammanin kowa ne yake murna? Ku bari in kawo mai ɗori.”

Na ce, “Kawu, ba karaya ba ce. Dubi yadda wurin yake sheƙi, ga zafi. Mu kai shi asibiti.”

Ya ce, “Ke da kika yi boko komai asibiti. Su da ba su san komai ba sai yanka.”

Ranar da ya kawo mutumin ina aji. Inna ce ta ba ni labari daga baya, tana yi tana share hawaye. Mutum uku suka danne Iliya, mai ɗorin ya ja ƙafar ya murɗa, ya jera karare ya ɗaure tam da tsumma, ya ce kada a kwance sai bayan mako biyu. Ta ce ihun da ya yi har masu wucewa a hanya suka tsaya.

Da na zo ƙarshen mako, kumburin ya haura cinya. Iliya yana rawar sanyi cikin bargo biyu, yana sambatu, yana kiran sunayen abokan wasansa yana ce musu su miƙo ƙwallo. Na ɗauko almakashi na yanke ɗaurin a gaban Kawu. Ya ce na raina shi. Na ce, “Kawu, ka yi haƙuri, gobe in zo har Gazara in durƙusa in ba ka haƙuri. Yau dai asibiti za mu.”

Babu motar haya da zai iya zama a ciki da ƙafa a miƙe. Malam Sale ya aika aka kira ɗansa mai akori-kurar da yake ɗaukar rake, aka shimfiɗa katifa a baya. Ko kuɗin mai bai karɓa ba. Allah ya saka wa wannan gida da alheri.

Mun fara zuwa wani asibiti a Ikara. Nas ɗin da muka tarar ta yi iya ƙoƙarinta, ta sa masa ƙarin ruwa, amma ta gaya mini gaskiya: na’urar hotonsu ta lalace, likitan ƙashi kuma babu. Ta ce mu wuce Zariya, kada mu kwana.

A Zariya na san abin da ake kira layi. Layin yankar kati, layin biyan kuɗi, layin ɗibar jini, layin hoto, kowanne a gini daban, kowanne sai ka koma wancan tagar ka kawo shaidar biya. Mara lafiya yana kwance a kan benci yana nishi, ana ce maka mai karɓar kuɗi ya fita cin abinci. Da aka samu gado, sai ya yi masa kaɗan, ƙafafunsa suka zarce. Wani mai jinyar mahaifinsa a gadon kusa ya jawo benci muka kara masa.

Likitan da ya duba shi matashi ne, mara yawan magana. Ya soka sirinji a gwiwar ya zuƙo, ya ɗaga mini in gani. Ya ce, “Wannan ba ruwa ba ne, mugunya ce. Wa ya yi masa allura a nan?”

Iliya ya faɗa masa komai. A nan na fara jin cikakken labarin, ina tsaye riƙe da ledar magani.

Likitan ya ce abu biyu ne. Tun faɗuwar farko wata jijiya da ke riƙe gwiwa ta tsinke, kuma bai kamata ya sake taka fili ba sai an gyara. Allurar ta kashe zafin ne kawai, shi kuma ya yi ta gudu a kan gwiwar da ba ta da mariƙi. Na biyu, ƙwayoyin cuta sun bi allurar sun shiga cikin gaɓar. Ya ce, “Akwai guringuntsi a tsakanin ƙasusuwan nan. Mugunya tana cinye shi, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Yanzu ba wasa muke ƙoƙarin cetowa ba, ƙafar muke ƙoƙarin cetowa.” Wannan maganar har yau tana kunnena.

Na fita waje na kira manajan. Bai ɗauka ba. Na yi ta kira har cajina ya ƙare. Na ari wayar wata mata, da ya ga baƙuwar lamba sai ya ɗauka. Na gaishe shi da ladabi, na ce ni ce yayar Iliya, na gaya masa halin da ake ciki, na tambaye shi zancen inshorar da aka ce ’yan wasa suna da ita.

Ya ce, “Madam, yaron nan da ƙafarsa ya bar wurinmu. Duk duniya ta ga ya buga wasan ƙarshe lafiya. Abin da kuka yi masa a ƙauye ba ruwanmu. Na ma ji an ce mai maganin gargajiya kuka kai shi.”

Ashe Iliya ne, cikin gaskiyarsa, ya aika masa saƙo ya gaya masa zancen ɗorin. Shi ne mutumin ya samu abin fakewa. Na ce, “Allurar fa? Wa ya yi masa?” Ya ce, “Wace allura?” Ya kashe waya.

Lallai ɗorin ya yi ɓarna, ban musa ba. Amma mai ɗori bai tsinka jijiya ba, bai zuba mugunya a gwiwa ba. Da kumburin da zazzaɓin Iliya ya sauka a tashar Maƙarfi, ni ce shaida.

A mako na uku da dawowarsa gida aka yi tiyata, aka buɗe gwiwar aka wanke. Aka ce a kawo jini. Samarin cocinmu suka cika mota guda, ’ya’yan Malam Sale biyu suka biyo su, har da mai gidan kallon Ikara da abokansa. Inna ta sayar da raken gonarmu tun yana tsaye bai gama ƙosawa ba, wani dillali daga Kudan ya saya a wulaƙance don ya ga muna cikin matsi. Na sayar da keken ɗinkina. Albashin Iliya kuwa tun watan da ya dawo gida aka daina turowa, ba tare da ko saƙo ba. Kullum da safe sai a miƙo takardar magani a ce babu a asibiti, a je waje a saya. Allurar kashe ƙwayoyin cuta ce mai tsada, kuma ba a tsallake ko ɗaya.

Zazzaɓin ya sauka, ya sake dawowa. Aka sake shiga da shi aka sake wankewa. Mutumin da yake cin tuwo malmala huɗu ya koma sai an lallashe shi ya sha kunu rabin kofi. Ni ce mai juya shi, ni ce mai kai fo, ni ce mai goge masa baya. Ya kan juyar da fuska bango ya ce, “Yaya, ki yafe mini.” In ce, “Rufe mini baki, tun kana tsumma nake wanke ka.” Kawu Tanko ya zo sau ɗaya da ƙwan zabi a leda. Ya tsaya a bakin gado ya dubi robar da mugunya ke zuba a ciki. Da zai tafi ya cire hularsa ya daɗe yana addu’a. Ni kuma ban tayar da zancen ɗorin ba.

Muna cikin wannan hali wani abokin Iliya ya nuna mini sanarwar da kulob ɗin ya sa a shafinsa. Wai Iliya ya nemi a ba shi hutu saboda dalilan iyali, suna yi masa fatan alheri, kuma sun ɗauko wani daga ƙasar waje ya maye gurbinsa. Dalilan iyali! Mu ne muka hana shi wasa ke nan. Na karanta na sake karantawa.

Da zagayen ƙarshe ya zo, Iliya ya roƙe ni in saya masa data. Na ƙi. Ya ce, “Yaya, don Allah.” Na saya. Ya jingina wayar da kofi a kan kirjinsa, marasa lafiyan da ke iya tashi suka matso, har nas ɗaya ta tsaya. Sai ga baƙon da aka ɗauko sanye da riga mai lambar Iliya. Na dubi fuskar ƙanena. Ya kawar da kai. Amma da abokinsa ya jefa ƙwallo daga nesa ta faɗa kwando, sai na ji ya ce, “Yauwa!” yana dukan katifa.

Na ce, “Kai yanzu har murna kake taya su?”

Ya ce, “Waɗannan da kike gani a fili ba su suka yi mini ba. Rabinsu ma da allurar suke gudu.”

Wannan maganar ta fi komai tayar mini da hankali. Na dubi samarin nan a cikin waya, kowanne ɗan wata ne, na rasa wanne ne zai biyo bayan Iliya. An fitar da su a wasan, ya kifa wayar ya ja zani ya rufe kansa.

Ɗaya daga cikin abokan wasan nasa, bayan sun dawo, ya yi magana a wata hira ya ce akwai ɗan’uwansu da ke kwance a asibiti an manta da shi. Ba a yi kwana nawa ba sai ga baƙi. Mutum biyu daga kulob, da katan ɗin lemo da sabuwar riga, da wani mai kyamara a bayansu. Manajan bai zo ba. Inna ta tashi ta ba su benci, ta gaishe su yadda ake gaida baƙi, ta tambayi hanya, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki. Suka amsa a gurguje. Babban cikinsu ya ce a ɗan tayar da Iliya zaune, a sa masa rigar, ya riƙe katan ɗin a ɗauki hoto, kuma a ja zani a rufe ƙafar.

Na buɗe baki zan yi magana, Iliya ya riga ni. Ya yaye zanin gaba ɗaya. Ga gwiwa a buɗe da ɗinki, ga roba, ga cinyar da ta tsotse ta koma kamar hannu. Ya ce, “Oga, ga abin ɗauka nan. In za ku ɗauka ku ɗauki wannan. In ba haka ba ku mayar da kyamararku jaka.”

Mai kyamarar ya sauke hannu. Babban ya fara cewa ai kulob yana tare da shi, ana duba lamarin. Tsohon da ke gadon kusa, wanda ko ƙwallon kwando bai taɓa gani ba kafin zuwanmu, ya ce, “Malam, yaron nan ya kusa wata biyu a nan. Yau muka fara ganinku.” Suka ajiye lemon suka fita. Na raba wa ’yan ɗakin. Rigar kuwa na bi su da ita har bakin mota na miƙa musu. Duban lamarin har yau ana yi.

Da aka sallame mu, sandunan da ake sayarwa duk sun yi masa gajarta, sai wani kafinta a Ikara ya yi masa nasa. Na dawo da shi ɗakina don ya fi kusa da mota, muna komawa Zariya don gashi da motsa gaɓa. Nan ma wata azabar ce, a kama ƙafar a lanƙwasa yana cizon tawul. A hankali ya fara zagaya tsakar gida, ya fara zuwa coci, ya ajiye sanda ɗaya, ya ajiye ta biyun. Gwiwar ba ta lanƙwashewa duka, ba ya iya tsugunawa, kuma idan hadari ya haɗo shi yake fara sani. Likitan ya gaya masa a gabana cewa wasan kuɗi ya ƙare. Iliya ya ce, “Na gode, likita,” ya kama hannunsa da hannu biyu. Sai da muka shiga mota ya yi kukansa.

Ina gode wa Allah da ya bar mana shi da ƙafarsa. Ina gode wa likitan nan da nas-nas ɗin da suka yi aiki da abin da babu. Amma ina roƙon duk mai ɗa ko ƙane a irin wannan sana’a: idan ya faɗi a fili kuka ga ya tashi kashegari yana gudu, kada ku yi tafi, ku tambaya me aka yi masa. Gaɓar da ta kumbura tana zafi ga zazzaɓi, kada a gasa, kada a ja, kada a jira mako. Kuma ku sani yaran nan ba za su faɗa muku ba, don suna tsoron a ba wani gurbinsu.

Watan jiya muna Nasarawan Doya ana shirin shuka, Iliya yana zaune a inuwa yana taya Inna gyaran iri, wayarsa ta yi ƙara. Manajan ne, mutumin da ya daina ɗaukar kiranmu tun muna asibiti. Iliya ya sa a fili muna ji. Ya yi gaisuwa faran-faran kamar jiya suka rabu, ya ce sabuwar kakar wasa ta matso, suna neman sabbin yara. Wai tunda an ce ƙasarmu akwai dogaye, ko Iliya zai duba masa a Maƙarfi da Kudan, ko a cikin dangi, za a ba shi ɗan wani abu a kan kowane yaro.

Na yunƙura zan fizge wayar, Inna ta riƙe mini zani. Ba ta jin Turanci, ta ce a fassara mata. Iliya ya fassara. Ta ci gaba da tsince irinta, ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, “Gaya masa akwai su da yawa. Amma gaya masa dukansu suna da iyaye, kuma zan bi su gida gida in ba su labari kafin ya iso.”

Iliya ya faɗa masa kalma bayan kalma, bai rage komai ba. Kashegari da safe Inna ta yafa mayafinta, ta ce in raka ta Gazara, daga can za ta fara.